Babi na Bakwai: Ganau da Jiyau, Ma'anar Jita-jita da Labarin Ji a Maganar Yau da Kullum da Gaban Shari'a

7.1 Gabatarwa

Mafi yawan abin da ɗan Adam ya sani a duniya ji ya yi. Ba wanda ya ga ranar da aka haife shi, kuma ba wanda yake raye a yau da ya ga kafuwar garin Wurno. Duk da haka, mutane suna bayar da labarin waɗannan abubuwa ba tare da ɗar-ɗar ba. A ɗaya ɓangaren kuma, labarin ji ya sha raba aure, ya watsa kasuwa, ya sa aka zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan babi zai duba yadda harshen Hausa yake bambanta abin da aka gani da abin da aka ji, da yadda dokar ƙasa da shari'ar Musulunci suka ɗauki shaidar ji, sannan da abin da ya rataya a wuyan malamin Hausa a cikin aji. Za a ɗauko misalai daga Gandi ta Ƙaramar Hukumar Rabah da maƙwabtanta na Wurno da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato.

7.2 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bambanta ma'anonin jita-jita da raɗe-raɗi da ƙishin-ƙishin da tsegumi da ƙage;
(b) fito da kalmomin da Hausa take amfani da su wajen nuna majiyar labari;
(c) bayyana abin da ake nufi da shaidar ji a kotu da wuraren da ake karɓar ta;
(d) tsara aikin aji da zai koya wa yara tantance labari.

7.3 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Hausawa sun raba masu bayar da labari gida biyu, wato ganau da jiyau. An samar da kalmomin ne daga aikatau “gani” da “ji” ta hanyar ɗafa musu ƙeyar “-au”, kamar yadda aka samu “mantau” da “makarau”. Ganau shi ne wanda abu ya faru a kan idonsa. Jiyau kuwa shi ne wanda aka ba labari. Abin da jiyau ya kawo shi ake kira labarin ji, kuma yana iya zama gaskiya, yana iya zama ƙarya.

Jita-jita wani nau'i ne na labarin ji. Ƙirar kalmar ta nuna ma'anarta, domin ninki ne na “ji ta”, wato wannan ya ji ta, wancan ma ya ji ta, har aka rasa bakin da ta fara fitowa. Bambancinta da sauran labarin ji shi ne rashin majiya. Idan mutum ya ce direban da ya taso daga Rabah ne ya faɗa masa gada ta karye, labarin ji ya kawo, amma ana iya neman direban a tambaye shi. Idan kuwa ya ce “ana ta cewa gada ta karye”, to jita-jita ya kawo, don babu wanda za a je wa.

Raɗe-raɗi jam'in raɗa ne, wato maganar da ake yi ƙasa-ƙasa saboda tsoro ko kunya. Ƙishin-ƙishin labari ne da bai gama bayyana ba, yawanci game da abin da ake sa ran zai faru, kamar naɗin sarauta ko sauyin wurin aiki. Tsegumi da gulma sun shafi tattauna sirrin wani a bayan idonsa. Annamimanci shi ne kai magana daga wannan zuwa wancan don a haɗa su faɗa. Ƙage kuwa ƙirƙirar laifi ne a jingina wa wanda bai aikata ba. Akwai kuma “ƙila-wa-ƙala” da Hausa ta aro daga Larabci, wadda ma'anarta ta asali ita ce “an ce, ya ce”.

7.4 Yadda Hausa Take Nuna Majiyar Labari

Masana kimiyyar harshe sun lura cewa wasu harsuna suna tilasta wa mai magana ya nuna inda ya samo labarinsa a cikin ƙirar aikatau. Alexandra Aikhenvald, a littafin da ta fitar a 2004 kan wannan fanni, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na harsunan duniya suna da irin wannan tsari. A harshen Turkanci, misali, wanda ya ga zuwan baƙo zai ce “geldi”, wanda aka ba labari kuwa zai ce “gelmiş”. Hausa ba ta ɗora wannan nauyi a kan aikatau ba. Tana amfani ne da wasu kalmomi da yankunan jimla waɗanda mai magana yake da zaɓin sakawa ko bari. A duba waɗannan jimloli:

(1) Ɓarayi sun kore shanun ƙauyen, da idona na gani.
(2) Ɓarayi sun kore shanun ƙauyen, in ji mai unguwa.
(3) Na ji an ce ɓarayi sun kore shanun ƙauyen.
(4) Wai ɓarayi sun kore shanun ƙauyen.
(5) Ashe ɓarayi sun kore shanun ƙauyen!
(6) Ɓarayi sun kore shanun ƙauyen.

A jimla ta (1) mai magana ganau ne, ya kuma ɗauki alhakin maganarsa. A ta (2) jiyau ne, amma ya ambaci majiyarsa. A ta (3) ya yi amfani da “an”, wakilin sunan da ba ya fayyace mai aiki, saboda haka majiya ta ɓace. A karin harshen Sakkwatanci, wanda ake yi a Gandi da kewaye, za a ji ana cewa “abin da anka ce” a inda Bakano zai ce “abin da aka ce”, amma aikin ɗaya ne. A ta (4) kalmar “wai” ta yi aiki biyu: ta nuna labarin na ji ne, ta kuma nisanta mai magana daga gare shi, har tana iya ɗaukar ma'anar shakka. A ta (5) “ashe” tana nuna sabon sani ne da ya zo da mamaki. Jimla ta (6) ita ce mai haɗari, domin ba ta ɗauke da wata alama. Mai sauraro zai ɗauka daga ganau ta fito, alhali kuwa tana iya kasancewa ta ratsa bakuna goma.

A nan ne asirin jita-jita yake. Mutum na farko yakan ce “ina tsammani”. Na biyu ya ce “wai”. Na uku ya ce “an ce”. Na huɗu ya yar da alamar gaba ɗaya. Na biyar kuma ya ƙara da rantsuwa. Ba lalle ne a samu wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu ba. Abin da ya faru shi ne kowannensu ya zubar da ƙaramar kalma ɗaya, har zato ya rikiɗe ya zama tabbas.

Karin maganar Hausa ma ta nuna fuska biyu game da ji. “Gani ya kori ji” da “waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi” suna fifita ganau. “Magana zarar bunu ce” tana gargaɗin cewa abin da ya fita ba ya komawa. Amma “kunne ya girmi kaka” tana tabbatar da cewa ta hanyar ji ake sanin abin da ya gabaci kakanni. Akwai kuma “ruwa ba ya tsami banza”, wadda masu yaɗa jita-jita suka fi fakewa da ita. Gaskiya ne kowace magana tana da dalili, sai dai dalilin yana iya zama ƙiyayya ko tsoro ko kuskuren fahimta.

7.5 Shaidar Ji a Dokar Ƙasa

Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta yi bayanin shaidar ji a sashe na 37. A taƙaice, ita ce maganar baka ko rubutacciya wadda wani ya yi a wajen zaman kotu, aka kawo ta don a tabbatar da gaskiyar abin da ta ƙunsa. Sashe na 38 ya hana karɓar irin wannan shaida sai inda doka ta yi togaciya. Sashe na 126 kuma ya buƙaci shaidar baka ta kasance kai tsaye: abin da ake gani, wanda ya gani ne zai faɗa, abin da ake ji da kunne, wanda ya ji ne zai faɗa.

Dalilan hanin a bayyane suke. Mai maganar na asali bai yi rantsuwa ba. Wanda ake tuhuma bai samu damar yi masa tambayoyi ba. Alƙali bai ga fuskarsa ba, balle ya auna natsuwarsa ko ruɗewarsa. Sannan magana tana sauya kama a duk bakin da ta shiga.

Sai dai akwai wani bambanci mai muhimmanci da ɗalibi ya kamata ya riƙe. Ba duk maganar da ta fara da “ya ce” ba ce shaidar ji a idon doka. Abin dubawa shi ne me ake son tabbatarwa da ita. Shari'ar Subramaniam ta 1956, wadda kotunan Nijeriya suke kafa hujja da ita, ta fayyace wannan. An kama mutumin a ƙasar Malaya ɗauke da harsasai, aka yanke masa hukuncin kisa. Ya kare kansa da cewa 'yan tawaye ne suka kama shi suka tilasta masa. Alƙalin farko ya hana shi faɗin abin da 'yan tawayen suka ce masa, a kan cewa shaidar ji ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta Privy Council da ke Landan ta soke hukuncin. Hujjarta ita ce ba a kawo maganar 'yan tawayen don a tabbatar gaskiya suka faɗa ba, an kawo ta ne don a nuna an furta barazanar, kuma ta tsorata shi. A kan barazanar da aka yi masa, shi ganau ne.

Idan aka dawo gida, a ɗauka wani manomi a ƙauyen Gandi ya ce 'yan bindiga sun ce masa za su ƙone gidansa in bai kai musu hatsi ba. Wannan shaida ce ta kai tsaye a kan barazanar. Amma in ya ce 'yan bindigar sun gaya masa maƙwabcinsa ne yake kai musu rahoto, aka kuma so a hukunta maƙwabcin da wannan magana, to ta zama shaidar ji.

Dokar ta yi togaciya a wasu wurare. Sashe na 40 ya yarda da maganar da mutum ya yi game da musabbabin mutuwarsa a lokacin da yake ganin ajali ya matso. Akwai kuma abin da aka rubuta a cikin gudanar da aiki na yau da kullum, da maganar da mutum ya yi wadda take cutar da maslahar kansa, idan ba zai yiwu a kawo shi kotu ba. Sashe na 66 ya yarda da tarihin baka na dangi ko na al'umma a rikicin mallakar filin gado. Wannan togaciya ta dace da ƙasa irin ta Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, ya kuma rasu a 1837. Babu mai rai da ya ga yadda aka fara raba gonakin fadamar wurin, saboda haka dole a saurari abin da kunne ya gada.

7.6 Shaidar Ji a Shari'ar Musulunci

Sashe na 256 na Dokar Shaida ya keɓe shari'o'in da ba na laifi ba a kotunan yanki da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a daga bin dokar kai tsaye. A rikicin aure da gado da makamantansu, kotunan shari'a na Jihar Sakkwato suna bin ƙa'idojin mazhabar Malikiyya ne, kamar yadda suka zo a littattafai irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a 1426.

Asali a nan ma shi ne mutum ya yi shaida a kan abin da ya sani da kansa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umurni da a bincika labarin da fasiƙi ya kawo, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Wannan ya nuna cewa “ni ma ji na yi” ba ta kuɓutar da mai yaɗa magana.

Duk da haka malaman Malikiyya sun buɗe ƙofofi biyu. Ta farko ita ce naƙalin shaida, wato shaida a kan shaida. Idan ganau ya yi nisa ko rashin lafiya ta kwantar da shi, yana iya ɗora wa adilai biyu shaidarsa su kai gaban alƙali da sunansa. A nan majiya sananniya ce. Ta biyu ita ce shaidar ji mai yaɗuwa, wadda ake kira shahadatus sama'i. Ana karɓar ta a al'amuran da suka daɗe ko suke da wuyar samun ganau, kamar aure da nasaba da mutuwa da shayarwa da waƙafi da daɗaɗɗen mallaka da cutarwa tsakanin ma'aurata. Daga cikin sharuɗɗanta akwai cewa labarin ya game gari, an ji shi daga mutane masu yawa, babu alamar zargi ko haɗin baki, kuma adilai ne suka kawo shi. Ba a tsayar da haddi da ita.

Ga misalin da aka tsara don fito da bambancin:

Alƙali: Malam, kana nan aka ɗaura auren iyayen wannan yarinya?
Shaida: Allah shi gafarta Malam, ba a haife ni ba lokacin. Amma tun tasowata nike jin manya da yara suna cewa matatai ce, ban taɓa jin wanda ya musa ba.

Irin wannan shaida tana iya karɓuwa a batun nasaba da gado. Amma da a ce tuhumar sata ce, shaida ya ce “duk gari an san shi ne ɓarawon”, to maganarsa ba za ta wadatar ba. Hikimar ita ce ana sassautawa inda ƙin karɓar ji zai tozarta haƙƙi, ana kuma tsanantawa inda karɓar sa zai taɓa jini ko mutunci.

7.7 Darasi Daga Gabashin Sakkwato

A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kai hari ƙauyen Tabanni da ke gundumar Gandi, suka kashe mutane fiye da 30, waɗanda suka tsira kuma suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Gandi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, a matsayin matakin tsaro. A wannan lokaci labari ya koma tafiya a bakin direbobi da 'yan kasuwa. Da aka kai hari kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, adadin da aka fara ambata kimanin mutum 30 ne, daga baya gwamnatin jihar ta bayyana 43. Wannan ya nuna cewa ko a bakin hukuma, labarin farko yakan sauya bayan an bincika, kuma ba kullum ne labarin farko yake zarce gaskiya ba, wani lokaci gazawa yake yi.

A irin wannan yanayi ba za a ce wa mutum ya toshe kunnensa ba. Wanda ya ji “wai suna tafe” ya kwashe iyalinsa ya yi hankali, ko da daga baya labarin ya zama ba gaskiya ba, domin asararsa kwana ɗaya ce a waje. Amma wanda ya ji “wai wane ne yake kai musu rahoto” ya ɗauki makami, ya yi abin da ba ya gyaruwa. Saboda haka ma'aunin da doka da shari'a suka yi tarayya a kansa yana da amfani har a wajen kotu: labarin ji ya isa a yi hattara da shi, kuma ya isa a fara bincike, amma bai isa a yanke wa mutum hukunci ba.

Wayar hannu ta ƙara wa lamarin sauri. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu a faɗin Nijeriya cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma samu rahoton rasa rayuka. Saƙon da ake turawa a WhatsApp ko Facebook yakan iso ba tare da “wai” ba, kuma mai karɓa yakan gaskata shi saboda amincin wanda ya turo, alhali shi ma jiyau ne.

7.8 Aikin Malami a Cikin Aji

Malamin Hausa yana da damar da sauran malamai ba su da ita, domin kayan aikin tantance labari suna cikin darasinsa. Ga wasu hanyoyi:

(a) Wasan raɗa. A jera yara goma, a raɗa wa na farko jimla mai ɗauke da “wai” da adadi da sunan wuri. A rubuta abin da na ƙarshe ya faɗa a allo, a kwatanta da na asali, a nemi inda “wai” ta faɗi.
(b) Nazarin labaran rediyo da jarida. Yara su fitar da yankuna irin su “in ji”, “a cewar”, “wata majiya”, “rahotanni sun ce”, su jera su daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni.
(c) Tambayoyi uku. A saba wa yara da tambayar duk mai kawo labari: Ka gani ko ka ji? Wa ya gaya maka? Shi ya gani?
(d) Insha'i. Yaro ya rubuta abin da ya faru a unguwarsu a sakin layi biyu, na farko abin da ya gani, na biyu abin da ya ji.

Haka kuma malami alƙali ne a ajinsa. Kullum za a kawo masa ƙara cewa “Malam, an ce wane ne ya ɗauki littafin”. Idan ya ɗaga bulala kafin ya nemi ganau ya kuma saurari wanda ake zargi, ya rushe darasin da ya koyar da bakinsa.

7.9 Kammalawa

An ga cewa labarin ji ya fi jita-jita faɗi, kuma rashin majiya ne yake mayar da shi jita-jita. An ga Hausa tana da kalmomin nuna majiya, amma ta bar wa mai magana zaɓi, don haka riƙe su amana ce. An kuma ga dokar ƙasa da shari'ar Musulunci sun fifita ganau, sun karɓi jiyau a wurare ƙididdigaggu bisa sharuɗɗa. Ɗalibin da zai tsaya gaban aji a Gandi ko Wurno ko Goronyo zai koyar da yaran da labari yake iya zame musu batun rai da mutuwa, saboda haka koya musu inda ake sa “wai” yana cikin manyan ayyukansa.

7.10 Tambayoyin Bita

1. Bambanta labarin ji da jita-jita tare da misalai biyu-biyu.
2. Kawo jimloli biyar da suke nuna majiyar labari daban-daban, ka bayyana matsayin mai magana a kowace.
3. Me ya sa aka soke hukuncin farko a shari'ar Subramaniam?
4. Kawo al'amura huɗu da Malikiyya take karɓar shaidar ji a kansu, da sharuɗɗa biyu.
5. Tattauna karin maganar “ruwa ba ya tsami banza” ta fuskar abin da aka koya a wannan babi.
6. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan amfani da “wai” da “in ji”.